Sakin Layin da Aka Yanke

Uwata,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa daga ni da duk wanda ke gidan nan. Ina fata kina lafiya, aiki yana tafiya, ɗakin hayar nan naki kuma an gyara masa famfo kamar yadda mai gidan ya yi alkawari. Mu dai alhamdu lillahi. Gwiwata tana nan yadda kika bar ta, amma ba ta hana ni tsayuwa gaban allo. 'Yan ajina sun kusa jarrabawa, har yanzu rabinsu in na ce kashi goma cikin ɗari sai su zuba min ido kamar na yi musu yare.

Takarda na rubuto ban kira ba, domin ke a waya da an taɓo zancen da bai yi miki ba sai ki ce sabis ya ɗauke. Direban da ke kawo jaridarku garin nan na ba, shi zai dawo min da amsa.

Mahaifinki ya daina shan ƙwayarsa. Ba ta hawan jini nake nufi ba, ƙaramar nan ta tsinka jini da likita ta ɗora shi a kai tun da aka ga bugun zuciyarsa ba ya tafiya daidai, aka ce ita za ta tsare shi daga shanyewar ɓarin jiki. Na kai masa da ruwa kamar kullum, ya ture hannuna, ya jawo shafinki na kimiyya daga ƙarƙashin matashi, ya ɗora yatsa a kan kanun: "Maganin Tsinka Jini Na Ninka Haɗarin Zubar Jini, In Ji Masana." Ga sunanki a ƙasa ɓaro-ɓaro.

Kin san Yaya. Mutumin da ya ƙarar da ƙarfinsa a bayan sitiyari, bai zauna ya koyi karatu ba sai da sunanki ya fara fita a jarida, don kada wani ya riƙa karanta masa 'yarsa. Abin da aka buga a takarda ya fi masa maganar likita, ya fi tawa nesa ba kusa ba. Na ce, Yaya, an fa ce kada ka tsallake ko rana ɗaya. Ya ce, "Likita ta faɗa, Uwata kuma ta rubuta. Uwata ba ta ƙarya." To ni ma ai uwar tawa ce kika ci sunanta, amma ita, Allah ya ji ƙanta, ba ta taɓa ba ni rabin zance ba.

Na sa tabarau na karanta shafin tun daga sama har ƙasa. Ya ninka, ya ninka. Daga nawa zuwa nawa? Ɗaya in ya ninka biyu ne, arba'in in ya ninka tamanin ne, tsakaninsu kuwa akwai kaburbura da yawa. Da ɗalibata ce ta kawo min wannan amsar, jan biro zan zuba mata. Sannan ba ki faɗi abin da ke samun wanda ya daina sha ba, alhali shi ne tambayar duk mai ƙwayar nan a aljihu.

Raina a ɓace yake, kuma tsoro nake ji, ba zan ɓoye miki ba. Ke kika hana shi sha, ke za ki sa ya koma.

Gwaggonki

*

Gwaggo,

Wa alaikumus salam. A hannun mai gadi na karɓi takardarki, a tsaye na karanta ta a bakin ƙofar ofis. Lafiyata ƙalau, sai 'yar mura da ta zagaye kowa a ɗakin labarai. Allah ya ba gwiwa sauƙi, ya ba 'yan aji sa'a.

Wallahi, Gwaggo, lambobin nan na rubuta su. Ban tsaya ga 'yar sanarwar da jami'ar ta raba wa 'yan jarida ba, kamar yadda yawancinmu ke yi. Binciken kansa na nemo na karanta har kaina ya yi ciwo. Ga abin da ya ce. A ɗauki tsofaffi ɗari masu irin zuciyar Baba, a bi su shekara guda. In ba sa shan ƙwayar, mutum ɗaya zai yi zubar jini mai tsanani. In suna sha, mutum biyu. Ninkin ke nan. Amma in ba sa sha, wajen biyar ne za su gamu da shanyewar jiki, in suna sha kuwa biyu. Duk wannan yana cikin sakin layina na ƙarshe.

Abin da ya faru, ana dab da tura shafi wurin bugawa aka shigo da tallan katifa. Mai tsara shafi ya rage labarina ya ba tallan wuri. A aikinmu kuwa daga ƙasa ake yanka, ba a ma tsayawa karantawa, domin tun ranar farko ake koya mana cewa mai muhimmanci yana sama, na ƙasa ciko ne. Kanun ma ba ni na rubuta ba. Akwai wanda aikinsa ke nan, shi kuma layin farko kawai yake dubawa ya zaɓi kalmar da ta fi ƙara. Ni ma sai da safe na gani a hannun mai sayar da jarida kamar kowa.

Na kira Baba. Kin san kunnensa, sai da na ɗaga murya har 'yan ofis suka juyo. Na ce ya koma shan maganinsa, labarin bai fito cikakke ba. Sai ya yi dariya ya ce, "Gwaggonki ce ta sa ki, ina jin muryarta a bakinki. Maganar waya iska ce. Abin da mutum ya sa wa suna a jarida shi ne maganarsa." Ya tambaye ni ko ina cin abinci sosai, ya kashe.

Ke nan sai an buga zai ji. Na rubuta gyara na kai wa edita, kuma ba zan bar ƙofarsa ba sai ya sa hannu. Don Allah ki ci gaba da kai masa ƙwayar kullum ko da zai ture.

'Yarki

*

Uwata,

Na ji daɗi da murar ba ta kwantar da ke ba. Ki riƙa shan ruwa mai ɗumi. Mu nan jiki da sauƙi, amma ba lafiya sosai ba, zan zo kan wannan.

Mun ga gyaranku, in gyara ne sunansa. Na bi jaridar shafi-shafi kafin na tsince shi can ƙasa, maƙale tsakanin masu canjin suna da masu cigiyar takardun da suka ɓata. Layi uku da ƙananan baƙaƙe. Yaya ya kai shi kusa da ido, ya kai shi nesa, ya fita tsakar gida da shi inda akwai haske, bai iya ba. Ni na karanta masa. Ya ce, "Da gaskiya ne da sun buga da manyan baƙaƙe kamar na farko. Kuma ina sunan Uwata? Wannan wani ne ya matsa musu suka sa don a rabu lafiya." Ni ma abin da idona ya gaya min ke nan.

Kada ki sake kawo min zancen katifa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ke da bakinki kika ce kin san daga ƙasa ake yanka, amma kika ɗauki abin da ran mutane ya rataya a kai kika ajiye shi a ƙasa. Mai tsara shafi aikinsa ya yi.

Yanzu ga zancen da na ce zan zo kansa. Muna karyawa rannan, kofin shayi ya suɓuce daga hannunsa na dama. Na ce Yaya lafiya? Ya buɗe baki, maganar ta fito a dunƙule, ban gane ko kalma ba. Kafin in nemo mayafi in tsayar da mota har ya dawo daidai, yana min faɗa wai na cika tayar da hankali. Da ƙyar na kai shi asibiti. Likita ta ce wannan hannunka mai sanda ne, babba na iya biyo baya, kuma ba ya sallama. Baiwar Allah ta zauna ta yi masa bayani har da zane a bayan kati. Da ta gama, sai Yaya ya zaro shafinki daga aljihu ya miƙa mata.

Kin san abin da ta ce? Ta ce ba shi ne na farko da ya shigo mata da wannan takardar ba, kuma waɗanda suka shigo su ne masu sauƙi, don akwai waɗanda suka daina sha suka yi zamansu a gida. Na ji kunya kamar in nutse. Ban gaya mata 'yarsa ce ta rubuta ba, shi ya gaya mata, yana murmushi.

Ya ce zai yi tunani. Ƙwayar tana nan kan tebur ba a taɓa ba. Na rubuta miki lambar likitar a bayan takardar nan, ta ce ki kira ta in da gaske kike.

Gwaggonki

*

Gwaggo,

A gurguje nake rubutu, motar na shirin tashi. Ina lafiya. Labarin kofin nan ya hana ni sakat, a ce wa Baba ina gaishe shi.

Na shiga wurin edita da takardarki a hannu, na karanta masa maganar likita. Ya ajiye wayarsa ya saurare ni, abin da bai saba ba. Ya ce ya ba ni rabin shafi a bugu na gaba, da sunana, da manyan baƙaƙe. Har na fara godiya sai ya jawo takarda ya rubuta kanun da kansa: "Hattara! Daina Shan Maganin Tsinka Jini Na Ninka Haɗarin Shanyewar Jiki Fiye da Sau Biyu." Ya ce kuma kada in cika shi da ɗaya cikin ɗari, biyu cikin ɗari, domin lamba tana korar mai karatu. Wai tsoro ne ya raba su da ƙwayar, tsoro ne zai dawo da su.

Na ce masa a'a. Na ce lambobin duka huɗu za su zauna a sakin layi na farko, da na zubar jinin da na shanyewar, kanun ma ya ɗauki lamba, kuma a sa maganar likita kan alamun da mai shan ƙwayar zai lura da su. Ya ce to in jira sai an samu wuri, shi ba makaranta ya buɗe ba.

Zan jira, amma ba a zaune ba. Ba don Baba kaɗai zan rubuta wannan ba, Gwaggo.

'Yarki

*

Uwata,

Muna nan da rai. Gaisuwar ke nan, ba ni da wata.

An ba ki rabin shafi da manyan baƙaƙe kin ce a'a? Innalillahi. Na maimaita layinki na ƙarshe har ya zauna min a ka. Ba don Baba ba. To don wa? Don a ce ke ce 'yar jaridar da ba ta lanƙwasa? Uban da ya koyi karatu da furfura saboda ke, shi ne yau ya zama ɗaya daga cikin jama'a?

Ni ce na tambaye ki daga nawa zuwa nawa, ban manta ba. Ni ce kuma yau nake ce miki ki bar lambobin. Ki karɓi kanun editan, ai ba ƙarya ba ne, biyu zuwa biyar ya fi ninki. Ki tsorata shi. Ki tsorata shi sosai ya haɗiye ƙwayar nan, daga baya kya koya wa duniya lissafi. Ke kina can kina jiran wuri, ni nake kallon hannunsa duk lokacin da ya ɗauki cokali. In ya yi shiru a ɗaki sai na ƙirƙiro dalilin leƙawa.

Har na daka ƙwayar da bayan cokali zan zuba masa a shayi. Na tsaya da garin a hannu, na kasa. Mutum da hankalinsa, yayana da ya ɗauke ni a kafaɗa, in shayar da shi abin da bai sani ba? In ya faɗi ya ji rauni ma, ba zai san ya gaya wa likita yana sha ba. Na zubar, na wanke cokalin. Saboda haka ba ni da wata dabara sai ke, ke kuma kin zaɓi taurin kai.

In wani abu ya same shi kafin wurin naku ya samu, ban san da wane ido zan kalle ki ba.

Gwaggonki

*

Gwaggo,

Ina gaishe ki, ina gaishe da Baba, ina roƙon Allah takardar nan ta iske ku yadda nake fata. Motar ta lalace a hanya, takardarki ta yi kwanaki a aljihun direba kafin ta iso. Na kira wayarki ba ki ɗauka ba, yanzu na gane dalili.

Kin tsallake kalma ɗaya a layina. Cewa na yi ba don Baba kaɗai ba. Ke kika gaya min akwai waɗanda suka daina sha suka zauna a gida, su kuwa ba su da ƙanwa malamar lissafi. Amma ko don Baba kaɗai ne, ba zan karɓi kanun nan ba. Abin da ya hana ki zuba masa gari a shayi shi ya hana ni. In na ɓoye masa zubar jinin na nuna masa shanyewar kawai, shayar da shi na yi bai sani ba. Kuma gobe wata jaridar za ta fi ni iya tsoratarwa, ya sake ture hannunki. Kuka na yi da na karanta takardarki, amma ban canza ba.

Zancen ƙasa da sama kuwa kin yi gaskiya, na karɓa.

Ga yadda aka yi. Na kira likitar. Ta ce in jaridarmu ba za ta buga bayanin ba, ita da abokan aikinta za su rubuta wa wata jaridar, su faɗi inda ɓarnar ta fito. Na kai wa edita wannan saƙon yadda ta faɗa. Ya kalle ni ya ce ni na haɗa masa wannan, na ce ƙwarai. Tun ranar ba ya amsa gaisuwata, amma wuri ya samu.

Da mai kanu muka fi daɗewa. Na ce a sa: "Ƙwayar Tsinka Jini: Cikin Ɗari, Tana Ƙara Zubar Jini Ɗaya, Tana Hana Shanyewa Uku." Ya ce wannan ba kanu ba ne, tirela ce. Na ce a rage girman hoton, tirelar za ta shige. Sannan na jawo kujera na zauna kusa da mai tsara shafi, na ƙi tashi ko cin abinci. Aka kuwa kawo talla, ya ɗaga hannu zai yanka daga ƙasa, na ce bismillah. Abin da ya tafi sunayen farfesoshi ne da muƙamansu.

Jaridar tana cikin motar nan tare da takardata. Ki ba shi ya karanta da kansa, kada ki taya shi.

'Yarki

*

Uwata,

Saƙonki ya iso, mun gode Allah. Gwiwa da sauƙi, 'yan aji sun fara jarrabawa. Wayar da ban ɗauka ba, ki yi haƙuri, a lokacin ba abin kirki zan faɗa ba.

Na ba shi jaridar kamar yadda kika ce. Ya fita da ita tsakar gida, ya zauna kan kujerarsa, yana bin layi da yatsa, leɓensa na motsi. Hantsi ya yi yana kai. Ni ina ɗakin girki ina wanke tukunyar da na riga na wanke. Can sai ya kira ni ya ce, "Ke malamar lissafi, biyar daga ɗari saura nawa?" Na ce casa'in da biyar. Ya ce, "Ashe ko ba a sha ba, casa'in da biyar lafiyarsu ƙalau." Ya ninke jaridar ya ɗora a cinya.

Na ce Yaya, likita fa ta ce tun da kofin nan ya faɗi kai naka haɗarin ya wuce biyar. Ya ce ya ji. Na koma ciki na yi kuka, na kuma zage ki, Allah ya sani. Na ce ga abin da gaskiyarta ta jawo, ta miƙa masa ƙofar fita da hannunta.

Ranar bai sha ba. Washegari ma ya ce in ajiye. Amma na ga ya sake buɗe shafin, ya daɗe a wurin da likita ta lissafa alamun zubar jini. Ya tambaye ni ko jinin dasashi ma yana ciki, na ce yana ciki. Ya tambaya in an gani da wuri ana iya tsayar da shi, na ce haka ta ce. Ya ce shanyewa fa? Na tashi na koma ɗakin girki.

Bayan la'asar ya kira ni. Ya ce, "Da a tasha aka ce min ga hanya biyu, wannan mota biyar cikin ɗari ke kifewa, wannan biyu, ba zan tsaya ƙirga casa'in da biyar ɗin da suka wuce ba. Hanyar biyun ma tana da raminta, na gani, an nuna min inda yake. Kawo ruwa." Na kawo. Ya haɗiye, sannan ya wangale min baki in duba, wai don kada in ce ya ɓoye a kumatu.

Kada ki ɗauka na sauko gaba ɗaya. Har yanzu ina ganin kin yi caca da ran yayana, kuma kwanakin nan da na yi ina leƙa ɗakinsa ban gama yafe miki su ba. In kin zo za mu yi wannan faɗan baki da baki.

Yau da safe na makara, ina neman takalmina zan fita makaranta, sai na ji ya ƙwala min kira daga ɗaki. Na ruga a guje ƙafa ɗaya ba takalmi. Yana zaune bakin gado, ya miƙo min tafin hannu, ya ce na manta da ƙwayarsa.

Gwaggonki